Saniyar Baffa ta tafi wasan ƙanƙara

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da ku masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kafin ku fara zagina ku bari in kai ƙarshe, don ni ma na zagi kaina har na gaji.

Ni tela ne a Dakoro. Ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya, bari in ce masa Sani, ya samu bursu, wato tallafin karatu, ya tafi Faransa shekarar da mahaifinmu ya rasu. Akwai kuma Baffa, Bafillace daga wajen Azagor, aminin mahaifinmu tun suna samari. Bayan sadakar arba'in ya koro wata jar karsana har ƙofar gida, ya ce habbanaye ce. Ga wanda bai sani ba, saniya ce ake ba ka aro, ka sha nono, abin da ta haifa naka ne, uwar kuma ka mayar wa mai ita. Ba a sayar da ita, ba a yanka ta, ko yunwa za ta kashe ka. Yarana suka sa mata Goshi saboda farin da ke goshinta.

Cikin sanyin da ya wuce Sani ya kira ni yana kuka, kukan da rabona da jin irinsa tun yana yaro. Wai takardun zamansa sun ƙare, in bai biya kuɗin sabuntawa cikin sati ba polis za su sa shi jirgi su maido shi. "Yaya, kada Inna ta ji, ka san hawan jininta." To me gare ni? Keken ɗinki ɗaya da almakashi. Na ce masa, "Sani, ba abin da ya rage sai saniyar Baffa." Ya ce, "Allah ya saka, Yaya." Wallahi da bakinsa ya faɗa. Ban kai ta kasuwar Dakoro ba, nan kowane dillali ya san shaidar da Baffa ke yi a kunnen shanunsa. Kasuwar ƙauye na kora ta, can wajen Adjekoria, ga ta da ciki, tana tafiya tana waiwaye. Na sayar da ita, na tura wa Sani kuɗin. Da na dawo na sayi wutsiyar jar saniya wajen wani mahauci, na hau mota na kai wa Baffa, na ce maciji ya sare ta a daji. Ya karɓi wutsiyar, ya juya ta sau ɗaya, ya ajiye a gefen tabarma. Ya ce, "Ɗan abokina ba ya kawo mini shaida. Allah mai ita ya karɓi abinsa." Har kindirmo ya sa aka ba ni, na sha, ban ji kunya ba.

Duk wannan na haɗiye shi, ina ce wa kaina ɗan'uwana na ceto. Sai da damina ta faɗi, ina shago, maiɗakina ta zo da salularta ta ce, "Dubi ƙanenka, ya zama Bature." Ashe ni ya toshe daga ganin hotunansa, ita ya manta da lambarta. Ga Sani cikin kwalekwale a wani tabki shuɗi tsakiyar duwatsu, ruwan har tsakuwar ƙasa kake gani, ba riga, da baƙin tabarau, abokansa na tsalle suna faɗawa ruwa. Na ce to, hutu ne, Allah ya ƙara. Sai hoto na gaba: dutsen nan dai, amma fari fat da dusar ƙanƙara, Sani a kan katako biyu dogaye, sanda a kowane hannu, yana gangarowa yana ihu. Wani kuma yana zaune a kujerar da ke rataye a waya, tana hawa da su kan dutse. A ƙasa ya rubuta yana kewar siki, wato wannan wasan zamiyar, na sanyin bana, har da ranar. Jama'a, satin da na kora Goshi ne.

Nan take na kira shi. Da farko ya musa, daga baya ya ce, "Yaya, ba za ka gane ba. Duk 'yan ajinmu sun tafi, hayar kayan ma da tsada, ni kaɗai zan zauna ɗaki kamar maraya?" Na ce, "To ai marayan ne kai, don ubanka da ke kabari!" Ya ce, "Saniya ce fa kawai. In na fara aiki goma zan saya wa tsohon." Kawai! Takardunsa kuwa lafiyarsu ƙalau, ba su taɓa ƙarewa ba. Na ci amanar mutumin da ya wanke gawar ubanmu don wani ya zame a kan ƙanƙara kwana biyar. Ban taɓa jin an yaudare ni irin haka ba, kuma ba ni da bakin faɗa wa kowa, don ɓarawo ba ya kai ƙarar ɓarawo.

Ga abin da ya sa na rubuto. Shekaranjiya Baffa ya aiko: ranar kasuwa mai zuwa zai shigo da wata karsana, ƙanwar Goshi, wai gidan abokinsa ba zai zauna ba nono. Inna har ta sa a surfa gero don furarsa, tana ta sa masa albarka. In na faɗi gaskiya, Inna za ta ji abin da ɗan lelenta ya yi, kuma ban san ko jikinta zai ɗauka ba. In na yi shiru, zan miƙa hannu in karɓi igiya daga hannun mutumin da ya san wutsiyar kowace saniyarsa, ya juya waccan sau ɗaya, bai tona ni ba.

Kwana uku suka rage. Me zan yi?