Tsakuwa Goma Sha Ɗaya

Gangara, 3 ga Nuwamba

Zuwa ga aminina Abdulmajid,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da Hajiya Raliya da jikoki. Ya ciwon gwiwar? Ya zaman Damagaram? Mu nan alhamdu lillahi, an gama yankan gero, bana dai ba laifi.

Za ka ce me ya kai ni ga takarda alhali ga salula. To, tsohon mushen lakwal ne ni, malamin makaranta ba ya rabuwa da alƙalami, kuma kai in ka ɗauki waya sai maƙwabta sun ji.

Matasan Belbeji sun shirya gasar dara ranar Asabar, ni da Ila mun ba da sunayenmu. Ka san Ila, shekara talatin muna kasawa ƙarƙashin aduwar ƙofar gidansa ban taɓa cinye shi sau biyu a jere ba. Har yanzu da tsakuwarsa goma sha biyu yake wasa, ni da tsinkayen kara. Har yanzu in magariba ta raba mu ba a san wanda ya ci ba, sai ya bar mini jakar ya jefa tsakuwa ɗaya aljihu, wai shaida ce gobe akwai ci gaba.

Abin da ke damuna idonsa ne. Yanar da ka bari a na hagu ta rufe na dama ma. Yanzu da yatsa yake wasa. Yana laluba gurabe, in ya ji kara nawa ne, in ya ji tsakuwa tasa ce. Ƴan kallo suna ɗauka zurfin tunani ne. Rantsuwar da ya sa muka yi, ni da kai, cewa ba za mu faɗa wa kowa ba, musamman ƴarsa Zuhaira, tana nan a wuyana. Duk ranar da na ambaci likita sai ya tuna mini yayansa da wanzami ya sa wa allura a ido ya makance. Na ce likita daban wanzami daban, ya ce ƙarfe dai ƙarfe ne.

Na so hana shi zuwa, ya ce tsoron haɗuwa da shi nake. Ka sa mu a addu'a.

Naka,
Hashimu

Gangara, 10 ga Nuwamba

Aminina Abdulmajid,

Ina gaishe ka da iyali, Allah ya ƙara sauƙin gwiwa. Mu lafiyar jiki lau, amma zuciyata ba daɗi.

Mun je Belbeji. Ni a zatona ƙasa za a tona kamar yadda kowa ya sani. Ashe yaran nan ci gaba suka kawo mana. Allunan katako suka jera bisa tebur, ƴaƴan dara kuma marafen kwalba ne, an shafa wa rabi jan fenti rabi shuɗi. Suka kuma kafa doka, abin da ka taɓa shi za ka matsar. Na ga Ila ya ɗauki marfi biyu yana murzawa a yatsa, ja da shuɗi, duk ɗaya suke a hannu. Na raɗa masa mu koma gida, ya ture hannuna.

Ƙuri'a ta haɗa shi da wani Attahir, mutumin Tarka, dattijo ne amma bakinsa ya fi hannunsa sauri. Wajen kasawa Ila bai yi kuskure ko ɗaya ba, duk allon yana cikin kansa. Ya ci uku, wallahi har na fara murna. Sai wani ya bangaji teburin, marafen suka ɗan goce, lissafin ya tarwatse masa. Ya miƙa hannu ya matsar da na Attahir. Aka yi dariya, aka mayar. Can kuma ya sake, kuma wannan karon motsin shi ya amfana.

Attahir ya miƙe ya ce tsoho da furfura yana maguɗi, irinsa ne ke ɗaukar akuya a kasuwa. Mutane suka fara taruwa, alƙalin wasa ya buɗe littafi zai rubuta an kore shi saboda zamba. Ila fa ake yi wa haka. Mutumin da ya yi shekara ashirin yana awon hatsi a kasuwarmu ba a taɓa cewa tiyarsa ta rage ba!

Ban san sanda na miƙe ba. Na ce, "Ba maguɗi yake ba, ba ya gani ne."

Attahir ya zauna yana ta ba da haƙuri, wani ya kama hannun Ila zai yi masa jagora. Wannan jagorar ce ta fi ƙona shi, na gani a fuskarsa. Ya juyo wajen da muryata ta fito ya ce, "Da ka bar ni ɓarawo, Hashimu."

Kujera ɗaya muka zauna a mota har gida, ya juya mini ƙeya. Na fara azumin kaffara na kwana uku, amma ban ji sauƙi ba. Ka faɗa mini gaskiya, da kai ne, shiru za ka yi?

Naka cikin damuwa,
Hashimu

Gangara, 24 ga Nuwamba

Abdulmajid ɗan'uwana,

Gaisuwa gare ka da Hajiya. Na sami amsarka. Ka ce na yi daidai, amma kai kana Damagaram, ba kai kake bi ta ƙofar gidansa ba.

Kwana goma sha shida bai fito gindin aduwa ba, awaki sun cike mana gurabe. Na yi sallama sau huɗu, kullum a ce yana barci. Ila da barcin hantsi? Labari ya riga mu isowa, yanzu kowa ya gan shi a masallaci sai ya yi masa sannu, abin da ya fi tsana ke nan. Zuhaira ta ji, ta zo daga Tanut ta zazzage ni tas, ta ce shekara guda ina kallon ubanta yana makancewa don kada in rasa abokin dara. Akwai dai ƙamshin gaskiya a maganar.

Gobe za ta kawo shi nan Damagaram, gidan likitan ido, direban da zai ɗauko su shi zai ba ka takardar nan. Don Allah ka tarbe shi a tasha. Kada ka yi masa sannu, kada ka kama masa hannu, ka ba shi kafaɗa ka yi ta surutunka. In an sa ranar aiki ka zauna kusa da shi, tsoro yake ji ƙwarai ko da ba zai faɗa ba. In kun kasa dara, kada ka kuskura ka bar masa ci, zai gane.

Ɗazu bayan la'asar Zuhaira ta kawo mini jakar tsakuwarsa, ta ce ya ce a ba ni, ba wani saƙo. Na ce shi ke nan, shekara talatin ce aka mayar mini. Da ta tafi na zazzage su bisa tabarma. Goma sha ɗaya ne. Na kaɗe jakar, na duba ƙarƙashin tabarma, na sake ƙirgawa, goma sha ɗaya.

Mai yiwuwa faɗuwa ta yi, mutumin da ba ya gani ne ya tattara su. Kada ka tambaye shi. Amma in ya tuɓe riga za a shiga da shi, ka taɓa mini aljihun.

Ni dai gobe da safe zan je in sake tona guraben.

Naka har kullum,
Hashimu