Iskar Tayar Gaba

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Keken da ka aiko ya iso, Allah ya ƙara buɗi. Sai dai yau kwana huɗu yana jingine a falo kamar baƙo mai jin kunya. Tayoyin ba iska, bawul ɗin kuma siriri ne kamar tsinke, da ɗan noti a kansa. Na buga famfo har kafaɗata ta yi tsami, ko kaɗan ba ta shiga ba. Har yanzu a ƙasa nake zuwa aiki, kullum a makare.

Baba yana nan yadda ka sani. Wata takwas ke nan da shanyewar ɓarin jikinsa, bai ce uffan ba. Mutumin da ya shekara arba'in yana gyaran keke, ga keke a gabansa, ba halin in tambaye shi. Inna tana tambaya yaushe za ka leƙo.

Ƙanwarka,
Auta

Auta,

Na samu wasiƙarki, ina gaida kowa. Wannan bawul ba a yi masa ƙarfi. Cire hular da ke kansa, ki warware ɗan notin har ya zo ƙarshe. Bakin famfon rami biyu ne, ƙaramin za ki sa, a miƙe, ki ɗaga ɗan hannun da ke kulle shi. Ki buga har agogon famfon ya kai lambar da ke rubuce a gefen taya. Sannan ki sauke hannun, ki zare a miƙe kada ki lanƙwasa tsinken, ki ɗaure notin.

Zancen zuwa, aiki ya yi yawa. Ki ba Inna haƙuri.

Yayanki

Yaya,

Ko gaisuwar kirki ba zan tsaya yi ba.

Jiya da safe na jawo keken tsakiyar falo, Baba yana kan kujerarsa, Inna tana ba shi shayi a cokali. Na bi wasiƙarka layi-layi. Na buga sau uku, famfon ya ƙage, allurar agogon ta yi sama, tayar kuwa tana nan a kwance. Na zauna a ƙasa kamar in yi kuka.

Sai na ji wata murya, a shaƙe: "Danna."

Cokalin ya faɗi daga hannun Inna. Na ce, "Baba, me ka ce?"

"Danna... kan."

Ashe in bawul ya daɗe a rufe liƙewa yake yi, sai an danna kansa tukuna. Ka manta ka rubuta min wannan. Na cire famfon, na taɓa kan da yatsa, ya yi "fis". Da na mayar, iska ta shiga kamar da ma jira take.

Ina cikin bugawa, ban kai ga duba agogon ba, ya miƙo hannunsa mai lafiya. Na tura masa keken. Ya matsa tayar gaba da babban yatsa, idonsa a rufe, ya ce, "Biyu." Na ƙara bugu biyu. Yaya, allurar ta tsaya cif a kan lambar da ke jikin tayar! Inna ta rufe baki da gefen zane tana ta "Allah mai iko".

Kalma huɗu ke nan, na ƙirga. Likita ya ce kada mu ɗora buri da yawa, amma mu ci gaba da kawo masa abin da hannunsa ya sani. Da yamma Inna ta ambaci sunanka, ya daɗe yana kallon ƙofa.

Taka,
Auta

Auta,

A tsaye na karanta, a bakin ofis, sau uku. Ba aiki ne ya hana ni zuwa ba. Tsoro nake ji in ga Baba bai gane ni ba.

Na ɗauki hutu. Ranar Asabar ina tafe, in Allah ya yarda. Ki gaya masa da bakinki, ki kalli fuskarsa da kyau, amma kada ki rubuto min abin da kika gani. Zan zo in gani da kaina.

Yayanki