Sandar da Kika Miƙo Mini

Zuru, bayan girbin dawa.

Kande,

Gaisuwa da kewa mai yawa. Na san babu mai kai miki takardar nan, ko da kina raye ma ai ba karatu kika iya ba. Amma wa zan faɗa wa in ba ke ba?

Na ga gari, Kande. Abin da kika shekara biyar kina roƙona, na yi shi wata huɗu bayan an binne ki. Ɗanmu Audu ya sa ni a mota har Zungeru, muka hau jirgi zuwa Kano. Likita ya yanka idon dama ya ciro yanar, ya ba ni tabarau mai kauri kamar gindin kwalba a madadin abin da ya cire. Na hagu kam ya mutu, mai maganin nan na Mahuta da ya soka mini allura a cikinsa shi ya kashe shi. Kin ce kada in yarda da shi, na ce me mace ta sani a kan ido.

Dawa ta yi kyau bana. Akuyarki ta haifi biyu. Komai girma yake yi mini cikin tabarau, in na tashi zuba ruwa a moɗa sai in zuba a ƙasa, matar Audu tana ɓoye dariya.

Da nake ce miki na bar wa Allah, ƙarya ce. Wuƙar likita nake tsoro.

Jiya na buɗe kwallarki, na tarar da munduwarki an naɗe ta da zare, an ƙara naɗewa, har ramin ya tsuke. Na kai wa ƙanwarki Ladi na tambaye ta. Ta yi kuka, ta ce tun daminar bara kike ramewa, munduwar tana zamewa daga hannunki, kuma kin hana kowa ya gaya mini.

Daminar bara ce kika daina riƙe hannuna in za mu kasuwa, kika miƙo mini sanda, kina gaba ina baya. Na ce kin gaji da makaho. A gaban mutane na faɗa, har sau biyu, kika dai ci gaba da jan sandar. Ashe gudu kike kada in taɓa hannun in ji ƙashi?

Da na je Kano lokacin da kika ce, da na gani da idona, da na kai ki asibiti ko goye a bayana ne. Yanzu ina ganin kowa a Zuru, har waɗanda ba na son gani. Gidan ya yi mini faɗi ƙwarai.

Ki yafe mini maganar nan, Kande. Allah Ya ji ƙanki, Ya haɗa mu inda zan gan ki.

Mijinki mai taurin kai,
Bawa