Ramukan da Baba Ya Cike

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Ya aiki, ya zaman birni? Ina fatan tarin nan da ya dame ka ya sake ka. Mu nan jikinmu lafiya, hankalinmu ne ba a kwance ba.

Na san Mama ta kira ka ta ce Baba ya fita bai dawo ba, ana nemansa, kada ka tayar da hankalinka. Ina tsaye a gefenta lokacin. Da ta miƙo mini wayar na ce maka lafiya lau, na yi shiru, har ka ce Malama Shiru tana nan yadda ka bar ta. Ba zan iya magana a gabanta ba ne. Shi ya sa na yago takarda daga littafina na makaranta, direban da ke kai kaya garinku zai kawo maka.

Yaya, mantuwar Baba ta wuce yadda ka san ta. Tun bayan tafiyarka yake tashi da safe ya sa tsohon wandonsa na aiki, ya ce motar lebura za ta tafi ta bar shi. In Mama ta tuna masa ya daɗe da ajiye aikin hanya, sai ya yi dariya ya ce wa zai ciyar da yara in ya zauna. Wani lokaci yakan tsaya a tsakar gida yana tambayar ina ne makewayi, shi da ya gina shi da hannunsa. Mama ta hana a gaya maka, ta ce yanzu ka fara aiki, a bar ka ka kafa ƙafa.

Ranar da abin ya faru ina makaranta, Mama ta je karɓo masa magani. Ta bar shi yana barci. Da ta dawo ta tarar da ƙofa a buɗe, tabarmarsa a naɗe tsaf an jingine ta da bango.

Kawu bai sauka daga kan babur ba tun ranar. Ya je asibitoci, ya je wurin 'yan sanda, ya zagaya tashoshin mota. Hoton da muke nunawa na ranar da ka gama karatu ne, wanda Baba yake da kumatu, kuma ka san yanzu ba haka yake ba. Wata mai sayar da ruwa a babbar mararraba ta ce ta ga wani dattijo riƙe da gwangwani, amma ba ta lura da hanyar da ya bi ba. Hanyoyin nan kuwa uku ne, kowace ta miƙe har inda ido ba ya kaiwa. Kawu ya ɗan bi kowace ya dawo.

Ga abin da ya sa na rubuto. Ka tuna da ka zo hutu ka buɗe mana kwamfutarka, ka nuna mana manhajar da kuke aiki da ita? Ka ce akwai motar awo mai kyamarori da ke bin tituna tana ɗaukar hoton kwalta, manhajar kuma ta karanta hotunan ta shafa wa kowane titi launi a taswira, ja wanda ya lalace, kore mai lafiya, don a san wanda za a fara gyarawa. Baba ya ce ashe yanzu akwati ne ke yin aikin da ya cinye musu takalma. To, na ga motar nan ta wuce ta gaban makarantarmu kafin Baba ya ɓace, 'yan ajinmu kuma sun ce sun sake ganinta a makon nan tana dawowa. Na ce ko Allah zai sa ta ɗauke shi a hoto.

Ban san ko an yarda ka duba irin wannan ba. In zai jawo maka matsala a wurin aiki ka bari, ba zan ji haushi ba. Amma in da hali, don Allah ka duba.

Ka gaishe da abokin zamanka. Ka riƙa cin abinci.

Ƙanwarka,
Auta


Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Amsarka ta iso, na gode da ba ka yi mini dariya ba.

Na karanta bayaninka har na kusa haddace shi. Ka ce manhajar ba ruwanta da mutane, duk wanda ya shiga hoto sai ta goge shi tun kafin hoton ya iso gabanku, don kada a riƙa kallon jama'a ba da saninsu ba. Kwalta kawai take barin muku, da tsagarta da ramukanta. Na fahimta, kuma na ga dalilin. Amma da na kai wurin sai da na kifa kaina a kan tebur. Wato ko motar ta wuce ta gabansa, ko ya ɗaga mata hannu, manhajar share shi za ta yi.

Mama ba ta san na rubuto maka ba. Kullum da yamma takan zuba abincinsa ta rufe ta ajiye kusa da kujerarsa, da safe ta ba kaji. Ba ta kuka a gabana. Jiya na ga tana wanke rigarsa wadda ba ta yi datti ba. Masu zuwa jaje sun fara canza irin addu'ar da suke yi, ita kuma sai ta yi kamar ba ta ji ba. Ni ma a aji jikina ne kawai ke zaune. Malamar lissafi ta kira ni allo na tsaya da alli a hannu ban san me ake yi ba, sai ta ce in koma in zauna, ba ta yi mini faɗa ba. Da ma ta yi faɗan da ya fi mini sauƙi.

Akwai wani abu da na gani, ka yi haƙuri in shirme ne. Ka san ramin nan na bakin layinmu, gaban shagon mai wanki, wanda masu babur ke zagi kullum? An cike shi. Na durƙusa na duba. Manyan duwatsu a ƙasa, tsakuwa a kai, sannan yashi an daddanne, ga kuma ƙananan duwatsu an jera su a gefe don mai keke ya gani ya kauce. Ba wanda ke yin haka sai Baba, ka tuna yadda yake sa mu ɗebo masa tsakuwa. Mai wanki ya ce da safiyar ranar ya gan shi a wurin, ya ɗauka motsa jiki yake yi. Na dawo gida na duba bayan ɗaki, tsohon gwangwanin fentin nan ba ya nan.

Yaya, a ganina Baba aiki ya tafi. To in manhajarku ba ta ganin mutum, ai tana ganin rami. Motar ta bi hanyoyin nan kafin ya fita, ta sake bin su bayan ya fita. Ba za a iya gane inda rami yake a tafiya, a dawowa kuma babu shi ba? Ni ban san yadda abin yake ba, kai ka sani.

Ina jiran amsarka. Allah ya taimake ka.

Ƙanwarka,
Auta


Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kuma ka samu ka huta. Ka gode mana wa shugabanka da ya ba ka izinin dubawa. Mama ta ce in gaya maka Allah ya yi maka albarka, ta faɗa ta sake faɗa.

Ka riga ka ji a waya cewa Baba yana gida. Kawu ya gaya maka cikin murna, kai ma na ji ihunka. Sauran labarin ne zan ba ka, don Kawu ba zai faɗa ba.

Da ka aiko wa Kawu taswirar a wayarsa, ka ce manhajar da kanta ta ware wuraren da awon farko ya saɓa da na biyu, duk a hanyar da ta nufi gada, sai na roƙi a tafi da ni. Kawu ya ce tafiyar ba ta yara ba ce. Na ce masa shi ba ya iya karanta taswira, ya harare ni, ya ce in hau. Ina bayansa riƙe da waya, duk inda ka sa alama sai mu tsaya.

Ramukan farko suna nan yadda na gaya maka, an yi su da kyau, har Kawu yana cewa wannan tsoho da a ce biyansa ake yi da mun yi arziki. Da muka yi nisa sai aikin ya fara canzawa. Babu jerin duwatsun gefe. Can gaba babu tsakuwa, yashi ne kawai. Wani ramin rabinsa aka cike. Na ƙarshen da ka sa wa alama, dutse ɗaya ne babba a tsakiyarsa da ɗan yashi. Muka hau babur muka ci gaba. Ban taɓa sanin ana iya ganin ƙarfin mutum yana ƙarewa a kan kwalta ba.

Bayan gadar kaɗan akwai rumfar wani mai faci. A nan muka same shi, zaune a kan benci, gwangwaninsa a tsakanin ƙafafunsa. Ƙafafun sun kumbura, takalmi ɗaya babu, yatsunsa duk sun tsattsage. Mai facin ya ce a bakin titi ya tsince shi ya kasa tashi. Ya tambaye shi suna da gari, abin da kawai ya ce shi ne, shi ma'aikacin hanya ne, yana bakin aiki. Mutumin nan da matarsa su suka riƙe shi, suna tambayar duk direban da ya tsaya ko ya san shi. Allah ya saka musu.

Na sauka da gudu na ce Baba. Ya dube ni sosai, da fara'arsa, ya ce, "'Yammata, matsa daga bakin titi, manyan motocin nan ba su da ido." Na ce Baba ni ce Auta. Ya ce, "Madalla, sunan 'yata ke nan. Amma ita ƙarama ce, ba ta kai ki ba."

Ya ƙi hawa babur. Ya ce ba a tashi aiki ba, shi ba ya gudu daga bakin aiki. Kawu ya lallashe shi, ya yi faɗa, har ya yi hawaye, Baba yana ba shi haƙuri kamar baƙo. Sai mai facin ya ce mu dakata. Ya shiga rumfa ya sako wata riga mai ƙyalli irin ta ma'aikatan hanya, wadda wani direba ya manta a wurinsa. Ya ce da ita yake sa shi ya ci abinci. Baba na ganinsa ya yi ƙoƙarin miƙewa, ya ce, "Ranka ya daɗe, saura kaɗan in gama." Mai facin ya ce, "Aiki ya yi kyau, dattijo. An tashi, kowa ya tafi gida." Shi ke nan ya hau. Na zauna a bayansa na riƙe shi, duk ƙasusuwa.

Da muka iso Mama ta fito ba ko mayafi. Baba ya gaishe ta da ladabi, ya gode mata da masauki. Ta ce ba komai, ta kawo ruwan ɗumi ta wanke masa ƙafa, ba ta ɗago kai ba har ta gama. Likita ya ce ƙafar za ta warke. Mantuwar kuma ya ce wahalar hanya ta ƙara ta, kada mu sa rai da yawa.

Ka ce dole ka rubuta wani abu a kan wuraren nan, ko an gyara ko ba a gyara ba, kuma hannunka ya kasa. Ka rubuta gaskiya, Yaya. Ba a gyara ba. Da muke dawowa na ga manyan motoci sun riga sun watsa wasu, ruwan sama ɗaya zai kwashe sauran. Ka bar titin a jansa don a zo a yi masa aiki.

Yanzu akwai kwaɗo a ƙofar gida. Kowace safiya Baba yakan ɗauki gwangwaninsa ya tsaya a bakin ƙofa yana jijjiga ta a hankali, yana cewa zai makara. Maganar Mama ba ta zaunar da shi, tawa ma haka. Sai ya gaji don kansa. In ya zauna yakan kira ni ya tambaye ni ko na san yaransa, namiji mai ƙwaƙwalwa da mace marar magana, wai ya kwana biyu bai gan su ba. Nakan ce na san su, suna lafiya. Sai ya ce in na gan su in ce su yi karatu.

Na san hutu yana da wuya ga sabon ma'aikaci, amma don Allah ka nema ka zo, ko na kwana biyu ne. Kada ka sa a ranka zai gane ka, na gaya maka ne tun yanzu don kada abin ya buge ka a bakin ƙofa yadda ya buge ni. In za ka taho ka zo da rigarka ta aiki mai ƙyalli. Ko bai san kai ɗansa ba ne, zai saurare ka, ka ce masa an tashi ya zauna ya huta.

Mama tana gaishe ka. Kawu ma haka.

Ƙanwarka mai kewarka,
Auta