Ina Tsaye Ɗana Ya Faɗa Kanal

Assalamu alaikum jama'ar wannan shafi, ina gaishe ku da kyau. Don girman Allah a sakaya sunana, kuma ku ji ni kafin ku tsine mini, na riga ku tsine wa kaina.

Manomi ne ni a gefen Talata Mafara. Da aikin dam ɗin Bakolori ya cinye gonarmu ta gado, ɗan fili aka ba ni a bakin kanal. Ina da ɗa, bari in ce masa Bala, bai kai goma ba amma ya gagari unguwa. Ya ciji malaminsa, ya kwance wa mahauta sa ranar kasuwa, ya buɗe wa maƙwabcina ruwa ya cinye masa alkama. Rubutu ya sha, duka ya sha har hannuna ya gaji. Kullum ni ne durƙushe a zauren wani ina ba da haƙuri. Wane uba ne ba zai gaji ba?

Rannan ina ban ruwa, ya hau bakin kanal yana tsalle, santsi ya kwashe shi. Wallahi na gani. Ya ɗago kai, muka haɗa ido, ni kuwa na tsaya riƙe da fartanya, zuciyata na ce mini, “Yau ka huta.” Wani Bafulatani mai shayar da shanu ne ya yi tsalle ya ciro shi, sannan na ruga ina salati kamar lokacin na gani.

Tun ranar Bala ya yi laƙwas. Ba cizo, ba ɓarna. Mutane sai barka suke yi mini. Uwarsa har sadaka ta yi, tana cewa, “Malam, ka gani? Addu'a ta ci, yaron ga ya shiryu.”

Amma ya daina cin tuwo a kwanona. In na shigo gida ya raɓe bayan rumbu. Shekaranjiya na kamo hannunsa na ce, “Bala, mi na yi maka?” Ya dubi ƙasa ya ce, “Baba, ai ka gane ni cikin ruwa. Ba ni ƙara ɓarna, kak ka bari in mutu.”

In gaya wa uwarsa, ta dube ni da wane ido? In yi shiru, yaron ya girma da sanin abin da ya sani? Wallahi na fi son ya tashi gobe ya buɗe ruwan garin nan duka.

Me zan yi?