Na Ba Kwikwiyona Barkono, Yanzu An Ce Ya Haukace

Hajiya Bushra, don Allah ki taimake ni, kaina ya kulle, kuma kwana huɗu kacal aka ba ni.

Ni bazawara ce a Nguru, bandar kifi nake yi. Muzurai suka addabe ni, da na juya baya sai in tarar an janye kifi daga kan wayar banda. Shi ne ƙanena Kalli ya kawo min kwikwiyo daga Gashua, baƙi wuluk, ɗan wata huɗu, muka sa masa suna Tarwaɗa. Ni ban taɓa kiwon kare ba. Saboda tabarmar salla da butoci, wuni yake a ɗaure gindin darbejiya, sai bayan la'asar nake kwance shi.

To da na cire igiyar sai abin ya motsa. Ya dinga zagaye tsakar gida a guje, ido waje, ya tsallake turmi, ya ture ƙwarya. In na bi shi da tsintsiya ina ihu sai ya ƙara wuta. Can kuma ya tsaya cak, ya sha ruwa, ya kwanta kusa da murhu kamar ba shi ba. Mako uku ke nan kullum haka. Shekaranjiya ya ɓalle zuwa zaure, ya bi ta tsakanin ƙafafun jikar Malam Ibram, mai gidan da nake haya, yarinyar ta faɗi. Bai cije ta ba, amma Malam ya rantse haukan kare ne, ya ce in Juma'a ta same shi a gidan zai sa a kashe shi.

Ga abin da ban faɗa wa kowa ba. Wata abokiyar sana'a ta ce in ana son kare ya yi zafi a riƙa barbaɗa masa garin barkono a abinci. Na yi, sau biyar ko shida. Ni na haukata shi ke nan? Ko da haukansa ya zo? To mahaukacin kare yana kaɗa wa mutum wutsiya? Wallahi na rasa gane kansa. Ga shi na saba da shi, ko kasuwa na je sai in kama tunanin ko ruwansa ya ƙare.

Mai Banda, Nguru

'Yar'uwa Mai Banda, kwantar da hankalinki. Barkono ba ya haukata kare, ba ya kuma sa shi zafi, cikinsa kawai yake ƙonawa. Ki daina daga yau, wannan magana ta wuce.

Abin da kika kwatanta ya fi kama da ƙuruciya. Ko ɗan mutum aka tsare wuni guda aka sake shi, sai kin toshe kunne. Ciwon haukan kare ba ya zuwa na minti biyu ya tafi, kuma in ya bayyana da wuya kare ya wuce kwana goma. Naki mako uku yana ci yana sha.

Amma kada ki ga laifin Malam Ibram. Jikarsa ce ta faɗi, kuma ciwon da yake tsoro kisa yake yi. Ni ma daga takarda nake magana, ban ga karen ba. Gobe da safe ki kai shi wurin likitan dabbobi, ya duba shi, ya yi masa allurar rigakafi, ki karɓo shaida a rubuce. Ki kira Kalli ku je ku ba Malam haƙuri, ku miƙa masa takardar. In ya taɓa cizon wani ko yaƙushi, a wanke wurin sosai da ruwa da sabulu, a wuce asibiti nan take.

Sai batun igiya. Ki riƙa kwance shi safe da yamma, amma ki fara rufe ƙofar zaure, ki kawar da ƙore, ki tare bakin murhu. In ya fara gudun, ki tsaya gefe ki ƙyale shi. Tsintsiyar nan da kike bin sa da ita, shi a ganinsa wasan kika shiga. Ki jefa masa tsohuwar igiya ya yi ta tauna.

Ban ga hauka a takardarki ba, igiyar ce gajeruwa, wunin kuma ya yi masa tsawo. Allah ya sa albarka a sana'arki, ya sa Juma'a ta sami Tarwaɗa a kwance kusa da murhunki yana gadin kifi.

Hajiya Bushra