Ramin Gindin Aduwa

Yaya Harisu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Yaya ƙafar?

Masu binciken tarihi sun sauka gonar Baba, suna haƙa tudun nan da ake cewa kushewar sarakunan da ce. Ni ke dafa musu abincin rana. Sun tono zobban tagulla da duwatsun wuya, sai rawar jiki suke kamar an aiko musu da goron biki.

Shekaranjiya suka gangaro gindin aduwa. Ka san abin da ke wurin. Shekarar da ruwa ya cinye hanyar maƙabarta, a nan Baba ya binne wadda na fara haifa, ya rufe ta da tuluna da ya fasa biyu. Ina tsaye da kwanon tuwo suka ɗago tulun. Suka kwashe 'yan ƙasusuwan a leda, suka rubuta lamba, wai 'yar sarki ce. Shekara arba'in ban ambaci sunanta ba, yaya zan fara a gaban maza?

Ka yi musu magana, kai da ka yi boko.

Ƙanwarka,
Shatu

Shatu,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, takardarki ta iso, kuma ranar ban iya cin abinci ba. Na kira shugabansu a waya. Mutumin kirki ne, amma ya ce sai da shaida. Baba ya rasu, mijinki ya rasu, Liman Dabo da ya sallace ta ya rasu, ni kuwa lokacin ina makaranta a Katsina. Ke kaɗai kika rage. Kunyar 'yar fari ado ce, amma ban da yau. Ƙafar nan ta hana ni hawa mota, da na zo na tsaya miki.

Allah ya ba ki haƙuri.

Yayanki,
Harisu

Yaya,

Ina gaisuwa. Sau uku ina zuwa bakin rumfarsu ina juyowa. Ranar Asabar na daure na shiga, na ce sunanta Hadiyya. Wata ma'aikaciya ta riƙe hannuna tana hawaye. Ta ce motar kayansu ta bar Daura da ƙasusuwan tun Alhamis, sai an auna shekarun ƙashin kafin a dawo da ita, wataƙila baɗi. Na ce ai ni na san shekarunta, wata uku ne da kwana biyu. Ta rubuta a takarda.

Ramin yana nan a buɗe, ga damina ta matso. Ka gaya mini, in rufe ko in jira?

Ka huta lafiya,
Shatu